Kafin A Zargi Ɗan Aike, A Duba Takardar Da Aka Ba Shi

Tun ranar 30 ga Nuwamban 2022 da kamfanin OpenAI ya saki manhajar ChatGPT, yawancin muhawarar da ake yi game da ƙirƙirarriyar basira ta tsaya ne a kan abin da na'ura ke faɗa: ko amsarta daidai ce, ko ta shara ƙarya, ko ɗalibai za su daina wahalar da ƙwaƙwalwarsu. Wannan muhawara tana nan da ranta, sai dai tuni aka wuce wurin. A yau ana sakin waɗannan manhajoji su yi aiki da kansu, su buɗe akwatin imel, su leƙa rumbun bayanan kamfani, su gyara wata manhajar, har ma su tura kuɗi. Manhajar da aka ba irin wannan dama ita masana ke kira wakili, mu kuma a wannan fili za mu riƙa ce mata ɗan aike, tunda aikin ke nan. Kuskuren manhajar hira a kan fuskar waya yake tsayawa, mutum ya gani ya yi tsaki ya wuce. Kuskuren ɗan aike kuwa sai an je banki ake jin labarinsa.

Idan irin wannan kuskure ya auku, abin da aka saba shi ne a ɗora wa na'urar laifi, a ce ba ta da hankali, ko a zauna jiran kamfani ya fito da sabuwa wadda ta fi ƙarfi. Alhali sau da yawa ɓarakar tana cikin wasu 'yan layuka ne da mai haɗa manhaja ya rubuta a gurguje, waɗanda ke gaya wa ɗan aiken abin da kowane kayan aiki yake yi. A kan waɗannan layuka nake so mu tattauna a wannan mako, musamman tambayar da ba a cika yi ba, wato ta yaya za a gane bayanin da aka rubuta ya yi kyau ko bai yi ba. Ra'ayina shi ne karantawa kaɗai ba ta isa ta nuna hakan. Sai an miƙa wa ɗan aiken bayanin, an aike shi sau da yawa, an ƙirga abin da ya dawo da shi, sa'an nan an gwada bayanin da abin da kayan aikin ke yi a zahiri.

Abin da ɗan aike yake gani

Manhajoji irin su ChatGPT da Claude da Gemini, aikinsu na asali shi ne su karɓi rubutu su mayar da rubutu. Ba su da hannun danna maɓalli. Domin su iya aikata wani abu, sai mai haɗa manhaja ya tanadar musu da wasu ƙananan manhajoji, kowace da aikinta guda: wannan ta nemo sunan abokin ciniki, wannan ta duba ragowar kuɗi a asusu, waccan ta aika saƙo. Su ake kira kayan aiki, guda ɗaya kuma mu ce masa makami, kamar yadda fartanya take makamin manomi. Kowane makami yana zuwa da suna, da bayani cikin harshen mutane wanda galibi Turanci ne, da wani fom mai gurabe da za a cike. Duk lokacin da za a fara aiki, sai a shimfiɗa wa ɗan aiken jerin makaman nan da bayanansu. Idan mutum ya ce masa ya duba ko kuɗinsa sun shigo, sai ya karanta jerin, ya zaɓi makamin da yake ganin ya dace, ya cike gurabensa. Daga nan wata manhaja ce ke aiwatarwa, ta dawo masa da sakamako a rubuce.

Abin da ya kamata mai karatu ya riƙe shi ne ɗan aiken bai taɓa ganin cikin makamin ba. Bai san yadda aka ƙera shi ba, ba shi kuma da hanyar leƙawa ofishin maƙerin ya ce masa, malam me kake nufi da wannan kalma? Bugu da ƙari, ƙwaƙwalwarsa ta aiki kamar allon almajiri take. Tana da iyakar abin da za ta ɗauka, kuma a mafi yawan tsare-tsare ana wanke ta idan an gama aiki. Gobe idan aka sake aikensa, baƙo ne fil a gidan da ya yini jiya. Saboda haka duk abin da ya sani game da makami, a cikin waɗannan 'yan layuka ya same shi. Abin da ba a rubuta ba kuwa sai dai ya yi kirdado.

Wannan tsari bai daɗe ba. A watan Yunin 2023 OpenAI ya buɗe wa masu haɗa manhajoji hanyar bayyana wa na'urarsa makamai ta wannan siga. A watan Nuwamban 2024 kamfanin Anthropic, mai manhajar Claude, ya fito da wata ƙa'ida ta bai-ɗaya mai suna Model Context Protocol, wadda ake taƙaitawa da MCP, domin makamin da aka ƙera sau ɗaya ya yi aiki da kowane ɗan aike. Cikin watannin farko na 2025 OpenAI da Google da Microsoft duk suka bayyana goyon bayansu gare ta. Abin da ya biyo baya shi ne dubban makamai da mutane daban-daban suka ƙera suka zuba a intanet, kowa ya ɗauka ya jona wa ɗan aikensa. Bayanin da wani matashi ya rubuta a Bangalore ko Legas cikin minti biyu, shi ne na'urar wani kamfani a wata nahiya za ta dogara da shi wajen taɓa dukiyar jama'a.

Dalilin da ya sa marubuci ba zai zama alƙalin kansa ba

Bahaushe ya ce gwano ba ya jin warin jikinsa. Wanda ya ƙera makami ya shafe makonni yana cuɗanya da shi, ya san abin da kowane gurbi ke buƙata, saboda haka idan ya karanta bayanin da ya rubuta, ƙwaƙwalwarsa ce ke cike giɓin ba tare da ya lura ba. A jagoran da OpenAI ya wallafa wa masu haɗa manhajoji akwai wata shawara mai sauƙi: a ɗauka sabon ma'aikaci ne mai koyon aiki aka miƙa wa bayanin, ba a gaya masa komai ba bayan abin da na'ura za ta gani. Zai iya aikin daidai? Idan ba zai iya ba, duk tambayar da zai yi, amsarta ce ta ɓace daga bayanin.

Bari mu ƙaddara wani banki ya ƙera makamin tura kuɗi, aka rubuta masa bayani da cewa “yana tura kuɗi”, aka sa gurabe uku: mutum, adadi, rana. Mai karatu zai ce ai wannan a fili yake. To, amma mutum a nan sunansa ake nufi, ko lambar asusunsa, ko lambar wayarsa? Adadin da naira za a rubuta ko da kwabo? Wannan ba tambayar ganin dama ba ce. Kamfanin Paystack na Legas, wanda dubban 'yan kasuwa ke karɓar kuɗi ta hanyarsa, da kwabo tsarinsa ke karɓar adadi, kamar yadda na kamfanin Stripe na Amurka ke karɓar dala da santi, wasu tsare-tsaren kuma da cikakken kuɗin suke aiki. Idan ana son naira 5,000 a tsarin kwabo, 500000 za a rubuta. Ɗan aiken da ya rubuta 5000 ya tura naira 50 ke nan. Wanda kuma ya rubuta 500000 a tsarin da ke karɓar naira ya kwashe rabin miliyan daga asusun bawan Allah. Haka ma rana: 03/04 a wurinmu uku ga Afrilu ce, a Amurka kuwa huɗu ga Maris.

Yanzu a kwatanta da wannan: “Yana tura kuɗi nan take daga asusun mai amfani zuwa wani asusu a Najeriya, kuma ba a iya janyewa bayan an tura. A yi amfani da shi bayan an tantance sunan mai asusun da makamin tantance suna, kuma mai kuɗin ya amince da adadin. Ba da shi ake biyan kuɗin wuta ko sayen kati ba, waɗannan suna da nasu makaman. Lambar asusu lambobi 10 ce. Adadi da kwabo ake rubutawa, naira 5,000 ita ce 500000. Idan amsa ta dawo cewa ana jira, kada a sake turawa, a fara duba matsayin cinikin.” Babu wata gwanintar harshe a ciki. Abin da ya yi shi ne ya faɗi aikin makamin, da lokacin ɗaukarsa da lokacin barinsa, da abin da ya raba shi da maƙwabtansa, da ma'aunin kowane gurbi, da abin yi idan al'amari ya cije. Jimlar ƙarshen nan kaɗai tana iya hana a biya mutum sau biyu.

A auna da aiki

Duk da haka, ko wannan bayani na biyu ban isa in rantse cewa ya yi kyau ba, domin ni ma da idon mutum na karanta shi. Gani ya kori ji. Hanyar da masu wannan sana'a suka tabbatar tana aiki ita ce a tara ayyuka na gaske, irin waɗanda masu amfani za su kawo, kowanne da sakamakon da aka san shi ne daidai kuma ana iya dubawa. Sai a saki ɗan aiken a filin gwaji, inda kuɗin da bayanan duk na bogi ne, a bar shi ya yi. Bayan nan a zauna lissafi. Sau nawa ya ɗauki makamin da ya dace? Sau nawa ya cike gurabe daidai a karon farko? Kira nawa ya yi kafin ya gama, kuma nawa ne a ciki suka dawo da kuskure? Sa'an nan a karanta labarin tafiyarsa daki-daki, a ga inda ya yi tuntuɓe da abin da ya ɗauka ana nufi. A canza jimla ɗaya a bayanin, a sake gwajin, a ga ko alƙaluman sun motsa. Idan aka canza abu biyar a lokaci guda, ba za a san wanne ya yi magani ba.

Akwai misalai da aka wallafa waɗanda suka nuna amfanin wannan. A watan Disamban 2024 injiniyoyin Anthropic sun bayyana cewa lokacin da suke haɗa ɗan aike mai gyaran manhajoji, sun fi ɓata lokaci wajen gyaran makamai fiye da rubuta babban umarnin aikin. Sun lura yana yawan kuskuren adireshin fayil idan ya matsa daga babban kundi zuwa wani na ciki, sai suka sa makamin ya daina karɓar gajeren adireshi, dole sai cikakke, kuma kuskuren ya kau. A 2025 sun ba da labarin yadda suka gano na'urarsu tana liƙa shekarar 2025 a ƙarshen kalmomin bincike ba gaira ba dalili, abin da ke karkatar da sakamako, suka kuma gyara ta hanyar sake rubuta bayanin makamin binciken. A wani rahoton na Yunin 2025 sun ce sun sa wani ɗan aike ya riƙa gwada makami mai matsala sau da dama yana sake rubuta bayaninsa, wanda hakan ya rage lokacin kammala aiki da kashi 40 cikin ɗari ga 'yan aiken da suka zo daga baya. Alƙaluman kamfani ne a kan kayansa, mai hankali zai karɓe su da wannan sani. Amma abin da ya haɗa labaran uku shi ne babu matsalar da aka gano ta hanyar zama a karanta bayani. Duk sai da aka kalli na'urar tana aiki.

Gwajin kansa yana da sharuɗɗa. Na farko, sau ɗaya ba gwaji ba ne, domin waɗannan na'urori ba sa maimaita amsa iri ɗaya kullum. A watan Yunin 2024 masu bincike na kamfanin Sierra sun fito da wani ma'auni mai suna tau-bench, inda ɗan aike ke hidima wa abokan cinikin kanti da na kamfanin jirgin sama. Sun samu cewa GPT-4o, wadda ke sahun gaba a lokacin, ba ta kai rabin ayyukan ba, kuma da aka nemi ta ci aiki ɗaya sau takwas a jere a ɓangaren kanti, nasararta ta faɗo ƙasa da kashi 25 cikin ɗari. Lissafin ba shi da wuya. Ɗan aiken da ke dacewa sau tara cikin goma, damar ya dace sau takwas a jere kusan kashi 43 ce kacal. Bankin da ke da abokan ciniki dubu ɗari ba zai yi alfahari da wannan ba.

Na biyu, a ware wasu ayyukan a ɓoye, kada a taɓa duba su lokacin gyara, sai a ƙarshe. Malamin da ya koyar da tambayoyin jarrabawa kawai zai ga sakamako mai kyau, ɗalibansa kuwa ba su san komai ba. Haka bayanin da aka yi ta sassaƙawa domin ya ci ayyuka ashirin da aka sani. Na uku, a gwada makami a tsakiyar 'yan uwansa. Bayanin da ya wadatar idan makami ɗaya ne a gaban ɗan aike yana iya rikita shi idan akwai wasu uku masu kama da shi, ɗaya na neman abokin ciniki, ɗaya na neman asusu, ɗaya na neman ciniki. Na huɗu, a sa ayyukan da amsarsu ita ce kada a taɓa makamin sam, ko a koma a tambayi mai aiken. Ɗan aiken da aka ce masa ya tura wa Musa kuɗi, alhali akwai Musa uku a jerin, nasararsa ita ce ya tsaya ya tambaya. Matambayi ba ya ɓata.

Sharaɗi na biyar ya shafe mu kai tsaye. Ayyukan gwajin su zo da bakin mutanen da za su yi amfani da abin. A Maraɗi ko Damagaram, idan mutum ya ce dala ɗari, sefa 500 yake nufi, domin dala a lissafin can sefa biyar ce, jaka kuma sefa 1,000. A Kano jaka naira 200 ce a tsohon lissafin kasuwa, dala kuwa kuɗin Amurka. Kamfanin da ya gwada ɗan aikensa da tsabtataccen Turanci kaɗai, ya sake shi ga masu cewa jibi da gata da shekaranjiya, bai gwada komai ba tukuna. Bayanin gurbin adadi ne ya kamata ya faɗi irin kuɗin da ake karɓa, ya kuma umarci a maimaita wa mai aike adadin da lambobi kafin a tura.

Tsawo ba shi ne inganci ba

Kada mai karatu ya ɗauka maganin shi ne a cika bayani da surutu. Kowace kalma tana cin wuri a allon nan mai iyaka, kuma ana biyan kuɗinta a duk kiran da aka yi. Ɗan aiken da aka jibga wa makamai ɗari, kowanne da shafi guda na bayani, ya cika allonsa kafin ya ji saƙon da aka aike shi da shi. Shi ya sa OpenAI ke ba da shawarar a yi ƙoƙari kada makaman da ke gaban na'ura a lokaci guda su kai ashirin, yayin da Anthropic ke cewa kowane bayani ya samu aƙalla jimla uku zuwa huɗu. Shawarwarin biyu ba su saɓa wa juna ba, ma'anarsu makamai kaɗan waɗanda aka bayyana sosai. Jimlar da aka cire alƙaluman gwaji ba su motsa ba, dama can kaya ce kawai.

Akwai kuma wata hanya da ta fara yaɗuwa, ta a ba wata na'urar bayanin ta ba shi maki bisa wasu sharuɗɗa: ya faɗi manufa, ya bayyana gurabe, ya kawo misali. Wannan rariya ce mai amfani idan makaman suna da yawa, tana saurin tace waɗanda aka bari fanko ko aka maimaita sunansu a matsayin bayani. Amma iyakarta ke nan. Na'urar da ke ba da maki ita ma rubutun kaɗai ta gani, saboda haka bayani mai tsari da daɗin karatu zai ci maki goma ko da ƙarya ne.

Gaskiya da amana

Wannan ya kawo mu ga ma'auni na biyu, wato ko bayanin ya dace da abin da makamin ke yi. Tarihin injiniyanci yana da darasi a nan tun kafin zuwan waɗannan na'urori. Ranar 23 ga Satumban 1999 hukumar NASA ta yi asarar kumbonta Mars Climate Orbiter a daidai lokacin da ya isa duniyar Mars. Takardar ƙa'idar aikin ta ce a ba da alƙaluman ƙarfin turawa da ma'aunin mita, amma wata manhaja da kamfanin Lockheed Martin ya samar tana fitar da su da ma'aunin fam, bambancin da ya haura ninki huɗu. Takardar ba ta da aibu, aikin ne ya saɓa mata, waɗanda suka yarda da ita kuma suka tafka asara. Haka yake faruwa da makamai. Ana gyara cikin makami a bar bayaninsa na bara, ɗan aike kuma ya ci gaba da gaskata tsohon zance. Don haka duk ranar da aka taɓa makami, ko aka sauya na'urar da ke amfani da shi, gwajin ya zama wajibi a sake shi daga farko.

Ma'auni na uku ya fi waɗannan nauyi. A watan Afrilun 2025 wani kamfanin tsaron manhajoji na ƙasar Suwizalan mai suna Invariant Labs ya nuna yadda ake sa guba a bayanin makami. Sun ƙera makami mai haɗa lambobi biyu, abin da ba wanda zai yi wa kallon haɗari, sai suka cusa umarni a cikin bayaninsa cewa kafin a yi lissafin a karanto wasu fayilolin sirri daga kwamfutar mai amfani, har da mabuɗin shiga wasu kwamfutocin, a tura su ta wani gurbi, kuma kada a gaya masa. Mutumin yana ganin gajeren suna ne a fuskar kwamfutarsa, na'urar kuwa tana karanta bayanin gaba ɗaya, ta kuma bi. Sun kuma yi gargaɗin cewa mai makami yana iya canza bayanin bayan an riga an amince da shi. Kura ce da fatar akuya. Abin tsoron shi ne idan da biyayyar na'ura kaɗai ake auna inganci, wannan bayani mai guba zai zo na ɗaya, domin an fahimce shi sarai an kuma aikata. Dole mai aunawa ya karanta cikakken rubutun da na'ura ke gani, ya tambayi ko akwai umarnin da ya wuce aikin makamin, ya kuma ajiye kwafi domin ya gane ranar da aka sauya shi.

Ita kanta ƙa'idar MCP ta tanadi alamomin da maƙeri zai sa ya nuna cewa makaminsa karatu kawai yake yi, ko yana iya goge abu, amma ta ja kunne cewa kada a dogara da su sai daga tushen da aka amince da shi. Kuma ko bayani ya kai ƙarshen kyau, rubutu ba kwado ba ne. A watan Yulin 2025 ɗan aiken kamfanin Replit ya goge rumbun bayanan wani ɗan kasuwar Amurka, Jason Lemkin, bayan an umarce shi ƙarara kada ya canza komai. Shugaban kamfanin, Amjad Masad, ya amsa cewa abin bai kamata ya yiwu ba, gyaran da suka yi kuma shi ne raba rumbun gwaji da na gaske. Abin da ba a so ɗan aike ya taɓa, a kulle shi. Bayani yana rage kuskure ne, izini da iyakar adadi da amincewar mutum su ke tare ɓarna.

Wani zai ce duk wannan wahalar ta ɗan lokaci ce, na'urorin suna ƙara basira kowace shekara, nan gaba za su gane ko an rubuta musu a gurguje. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, domin na yanzu sun fi na 2023 jure wa bayani maras tsari. Amma basira ba ta ƙirƙiro labarin da ba a ba ta ba. Ko shehin malami aka miƙa wa fom mai gurbin adadi, ba zai san kwabo ake nufi ko naira ba sai an gaya masa. Abin da ƙarin basira ke kawowa shi ne kirdado mai kama da gaskiya, wanda ya fi wuyar kamawa.

Ga matasanmu da ke koyon haɗa manhajoji a jami'o'i da cibiyoyin horo, wannan fanni ne da ba ya buƙatar babbar kwamfuta ko jari mai yawa. Yana buƙatar mutum ya iya rubuta jimlar da ba ta ɗaukar ma'ana biyu, ya kuma yi haƙurin gwada ta sau hamsin. Malaman da ke duba aikin ɗalibai su riƙa neman alƙaluman gwaji tare da manhajar, kuma ɗaliban harshe suna da abin bayarwa a nan fiye da yadda suke zato. Ga bankuna da kamfanoni da hukumomin da za a zo a tallata wa 'yan aiken na'ura, kafin a sa hannu a nemi ganin bayanan makaman a rubuce, a tambayi ayyuka nawa aka gwada, sau nawa kowanne, da wane harshe, kuma wa ke da ikon canza bayanin bayan an fara aiki. Mai tallar da ya kasa amsa waɗannan bai san abin da yake sayarwa ba, kuma ranar da kuɗin wani suka salwanta, ba na'urar za a kai gaban alƙali ba.

Allah Ya sa mu dace. Sai mako mai zuwa idan Mai Duka Ya kai mu.